Shin Ko Kun San? Lasifikar Sanarwa Ta Zamani

Shin ko kun san cewa lasifikar sanarwa ta zamani, irin ta asibitoci, makarantu da masana'antu, ƙaramar kwamfuta ce? Amfilifayarta na cikin cikinta, kuma tana da adireshin IP na kanta.

• Kebul ɗaya ya ishe ta: shi ke kawo murya, shi ke kawo wuta. Ana kiran dabarar PoE. A 2003 cibiyar IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai wat 15.4, a 2009 aka ɗaga zuwa wat 30, a 2018 ta kai wat 90. Ba ruwan mai haɗawa da neman soket a cikin silin.

• Amma kebul ɗin yana da iyaka: mita 100 daga suwic, wato akwatin da ke rarraba layuka. In an wuce haka, sai a kafa wani suwic a hanya. Tsohon tsari, mai bolt 70 a Amurka da 100 a Turai, ya fi nisan zango, sai dai duk lasifikokin da ke layi ɗaya bakinsu ɗaya.

• Ana iya ba kowace lasifika lambar waya ta cikin gida da tsarin SIP, wanda ya fito a 1999. Shugaban makaranta ya ɗaga wayar teburinsa, ya danna lamba, muryarsa ta faɗo aji guda, sauran azuzuwa ba su ji ko tari ba.

• In kuwa sanarwar ta kowa ce, ba a kiran lasifika ɗari ɗaya bayan ɗaya. Muryar waya tana cin kilobit 64 a daƙiƙa, ɗari za su ci 6,400. Maimakon haka, sau ɗaya ake tura ta zuwa adireshin rukuni, galibi mai farawa da 239, duk lasifikar da aka saita ta kama, kamar tashar rediyo. Ɗakin karatu da tasharsa, farfajiya da tata.

• A nan masu haɗawa suka fi tuntuɓe. In ba a kunna sa-idon IGMP a suwic ba, zai riƙa watsa muryar zuwa kowace kafa, har firinta da Wi-Fi, layi ya yi nauyi a banza.

• Tashoshin nan hawa-hawa ne. Ƙararrawar gobara tana katse kiɗa ko sanarwar yau da kullum nan take.

• Tunda daga suwic wuta ke fita, shi ake sa wa batir ko inbata. Ko an ɗauke wuta, lasifikokin ba za su yi shiru ba.

In kun sayo, kafin ku ɗaura ta a bango ku sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. In ba haka ba, duk wanda ya hau layinku zai iya yi wa ginin gaba ɗaya shela.