DAGA BAKIN TEKU ZUWA SAMAN SORO

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin ciwon bayana ne, wanda saura ƙiris ya raba ni da alƙalami.

A Mandawari aka haife ni, kuma littattafaina uku duk a kan tabarma na rubuta su, in tanƙwashe ƙafa in duƙa tun bayan Isha'i har dare ya raba. Ina tsakiyar na huɗu sai ƙugu ya riƙe, wuya ya ƙage, ko ruku'u zan yi sai na cije leɓe. Likita ya duba ni ya ce babu abin da ya goce, zama ne ya yi yawa, in riƙa motsa jiki. Na ce a raina, a ina? Budurwa ta fita gudu a lungunmu, ai kafin ta dawo labari ya isa gidan surukan da ba ta ma yi ba tukuna.

Ana haka sai Baba ya ce in je Legas wajen gwaggona in huta. 'Yarta, wadda nake kira Yaya, ita ta ɗauke ni wata Asabar bayan Asuba zuwa bakin teku a Lekki, inda wasu mata suke taruwa suna yin abin da ake kira yoga. Mai koyarwar Ba'indiya ce, ga ɗigon ja a goshinta kamar waɗanda muke gani a fim.

Jama'a, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba! Ruwa ne iya ganinki, yana tasowa da ƙugi ya watse a kan rairayi ya koma. Da hijabina da wandona na shimfiɗa zane. Aka ce mu ja numfashi ta hanci muna ƙirga huɗu, mu sake shi muna ƙirga huɗu. Can sai na ji numfashina yana tafiya tare da igiyar ruwan. Aka ce mu tsaya da ƙafa ɗaya kamar bishiya, rairayi yana zamewa a ƙarƙashina, na faɗi tim! Yaya ta yi ta dariya. Da muka durƙusa muna gantsare baya muna kuma ƙudundune shi kamar kyanwa ta tashi daga barci, sai na ji wani abu ya saki a ƙuguna. Rabona da irin wannan sakayau har na manta.

To amma fa akwai inda na ja birki. Da suka fuskanci rana suka haɗa tafin hannu suna rera wata kalma, sai na koma gefe. Yaya ta ce, "Ke dai kin cika tsoro." Na ce, "Yaya, miƙa na zo yi, ba gaida rana ba."

Daga baya na bincika. Yoga daga Indiya ta fito, kuma tushenta yana haɗe da ibadar Hindu. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana Musulmi irin wadda ake haɗawa da waɗancan rere-rere, ta bar wadda take motsa jiki zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a cikin wasannin motsa jiki. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 2014 ta ware mata 21 ga Yuni na kowace shekara. Ni dai na ɗauki miƙar da numfashin, na bar musu sauran.

Da na dawo Kano babu teku, amma akwai saman soro. Kullum in na idar da Asuba sai in hau da tabarmata, ina hango Dutsen Dala cikin hazo, in yi minti 15. Ran farko kakata ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, aljanun ruwa kika kwaso mana?" Na ce, "Hajiya, ku daka da niƙa da jan guga suka miƙe muku baya, mu kuwa inji da famfo sun karɓe mana." Ta yi tsaki ta ce, "Ga turmi can, ai bai mutu ba."

Ƙannena, ku da kuke wuni a kan benci, ku dawo ku duƙa a kan wanki da karatu, kada ku jira sai baya ya riƙe. Ku yi kafin ku karya, a hankali, inda namiji ba zai hango ku ba. In kin ji zafi, ki tsaya. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da wadda ta taɓa karaya, ta fara tambayar likita.

Littafin nan na huɗu dai na gama shi, a kan tebur wannan karon. Hajiya har yanzu tana yi mini tsiya, amma ranar da na makara ita ce take buga mini ƙofa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.