ƘASA, RUWA DA BURTALI A AREWACIN ZAMFARA: INA MAJALISAR ƘARAMAR HUKUMA?

Wanda duk ya ke so ya san halin da ƙasa ta ke ciki, to, ya tafi kasuwarta. Kasuwar Daji, wadda ke kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda, tana cikin kasuwannin da a ke auna arzikin arewacin Zamfara da su. In damina ta yi albarka, a nan za a ga gero da dawa da wake tuli, kara kuma ta cika da shanu da tumaki. In kuwa ruwa ya yi gardama, ko tsoro ya hana manomi zuwa gonarsa, mudu ne zai fara ba da labari tun kafin takarda ta isa ofis. Ƙananan Hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, bisa ga ƙidayar 2006, sun haura mutum 700,000, kuma galibinsu da noma da kiwo su ke ci. Abin da mu ke so mu tattauna da malaman ofis da malaman makaranta a yau shi ne: wa ke yanke shawara a kan ƙasar da waɗannan mutane su ke nomawa, da ruwan da su ke sha, da hanyar da dabbobinsu su ke bi?

YADDA AKA FARO

Ƙasar nan ba baƙuwar tsari ba ce. Gulbin Gagare ya ratsa ta wajen Ƙauran Namoda, Bunsuru ya bi ta Zurmi, su duka biyu suna kai ruwansu Gulbin Rima, sun kuma bar fadamu masu kyau a gefensu. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama tashar ƙarshe inda a ke loda gyaɗa da auduga da fatu. A zamanin En'e ta Sakkwato, ko wace gona tana ƙarƙashin idon mai unguwa, shi kuma yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi. Akwai malamin daji, da malamin gona, da malamin dabbobi, ko wanne da littafinsa. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibu ba. Da ba shi da shi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa bai tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a watan Agusta 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e ba. Bayan wannan jawabi ne aka dage wajen kafa majalisun ƙauyuka da na gundumomi, aka kuma yi Dokar En'e ta 1954, don talaka ya sami bakin magana a kan al'amuran garinsu.

Cikin 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Babban dajin da ke ƙasar Zurmi, wanda tun farkon zamanin Turawa aka mai da shi gandun daji, ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kiwo na Arewa, aka fi saninsa da sunan Gidan Jaja. An bar waɗansu ƙauyukan manoma a cikinsa, irin su Dumburum da Shamushalle, ko wanne da iyakarsa. Manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya, makiyayi ya san burtalinsa da mashayarsa. Da kaka kuwa, in an kwashe amfani, Bafillace ya kan shigo da shanunsa su ci kara su bar taki, ko wa ya amfana.

Daga nan sai canje-canje suka biyo juna. A 1976 aka yi wa mulkin Ƙananan Hukumomi gyara iri ɗaya a Nijeriya duka, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar ko wace jiha a hannun Gwamna, amma ta bar wa Ƙaramar Hukuma ikon ba da izinin mallakar gargajiya a karkara. Dokar ta yi iyaka: ba za a ba mutum fiye da hekta 500 don noma ba, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Har wa yau ta ce ko wace Ƙaramar Hukuma ta kafa kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka fitar da Zamfara daga Sakkwato, tana da Ƙananan Hukumomi 14. Tsarin mulkin 1999 kuma ya lissafa aikinsu filla-filla: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, sa'an nan da sa hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Watau a takarda dai iko yana nan. Abin tambaya shi ne yadda aka yi da shi.

DARASIN GIDAN JAJA

Jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonaki suka yi kaɗan. Wannan ba laifin ko wa ba ne. Amma bayan 1999 aka shiga sare manyan dazuzzuka da makiyaya ana raba su gonaki, a yankin Kuyambana na ƙasar Maru da kuma Gidan Jaja na ƙasar Zurmi. Rugage da suka daɗe a wurarensu aka tashe su. Burtali da ya ke da faɗi a da ya tsuke, wani wurin ma ya toshe sarai, fadamar da shanu ke sha da rani ta zama lambu. Da saniya ta rasa hanya sai ta bi ta cikin gero. Da ta bi ta cikin gero sai ƙara, sai tara, sai gaba. Manomi yana ganin an yi masa ɓarna, makiyayi yana ganin an zalunce shi, ba kuwa wata majalisa da su biyu suka amince da ita wadda za ta zaunar da su.

Ba mu ce wannan kaɗai ya haifi ta'asar 'yan bindiga ba. Akwai satar shanu, da shigowar makamai ta kan iyaka, da rashin adalci wajen shari'a, da ɗaukar doka a hannu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, wanda tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya shugabanta, ya ba da rahoton cewa fiye da mutum 190,000 sun bar gidajensu a jihar tsakanin 2011 da 2019. Dumburum, ƙauyen noma da kiwo, sunansa ya koma sunan dajin da a ke jin tsoro. A 2021 har ta kai Gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan tarho na wani lokaci don sojoji su yi aikinsu. Duk wanda ya san abin da kasuwa ta ke ga ɗan dako da dillali da mai tuyar ƙosai, ya san nauyin wannan mataki.

Ko a Bakolori, can yammacin jihar, an ga irin haka. An gina madatsar ruwa mai girma, amma rigimar diyyar gonaki ta kai ga asarar rayukan manoma a watan Afrilu 1980. Shiri ko wane iri ne, in an yi shi a ofis ba a ji ta bakin masu ƙasa ba, sai ya zo da kuɗin da ba a sa cikin lissafi ba.

SAMA TA CANJA HALI

Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma da sabon hali: ya kan makara, ko ya fara ya ɗauke har shuka ta ƙone a sake iri, sa'an nan ya zo a rana ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Ƙasar da aka sare itatuwanta ba ta iya riƙe irin wannan ruwa. Sai ya kwashi ƙasar sama mai taki, ya haƙa kwazazzabai, ya cika gulbi da yashi, ya karya kwalbati, ya raba ƙauye da kasuwa. Wannan shi masana ke kira sauyin yanayi, manomi kuwa ya riga ya san shi tun bai ji sunan ba.

Gwamnatoci ba su yi shiru ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa gandun itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar wannan aiki a 2015, Zamfara kuwa tana cikin jihohi 11 da aka zaɓa. A watan Nuwamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Cikin Disamba na shekarar nan Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk abin yabo ne. Amma itacen da aka dasa ran biki, in ba wanda ya ɗauke shi nasa, akuya ce za ta yi masa hukunci kafin bazara. Abuja tana iya aiko da kuɗi, Gusau tana iya aiko da mota da irin dashe. Amma wa zai yi ban ruwa, wa zai yi shinge, wa zai raba gardama in an sare? Wannan aikin gunduma ne da unguwa.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA YI

Ba sai mun haye teku neman misali ba. A jihar Maradi, ƙasar 'yan'uwanmu Hausawa, tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututtukan da ke gonaki ba matattu ba ne. In manomi ya bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi, ba dashe ba ban ruwa. Abin da ya sa dabarar ta bazu shi ne da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba za a ci shi tara in ya yi masa aski ba. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi ko wane itace amfani a nan, don yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Haka kuma a 1993 Nijar ta yi dokar tsarin karkara, ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye, inda sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya da ma'aikatan Gwamnati ke zama tare, su shata burtali, su rubuta cinikin gona, a kuma tsai da ranar sakin gonaki bayan kaka. Su ma ba su rabu da rigima ba, amma suna da inda a ke kai ta tun tana ƙarama.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

An daɗe ana cewa Ƙaramar Hukuma ba ta da kuɗi, sabo da rabonta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ba a yarda da shugabannin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu ba. Zamfara ta yi zaɓen Ƙananan Hukumominta a watan Nuwamba na shekarar nan. Hukunci abu ɗaya ne, aiki da shi wani abu dabam. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar da ba ta da shiri a rubuce, ko an zuba mata kuɗi, sai su tafi ga sayen motoci da bukukuwa.

Shawararmu ga majalisun Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ita ce su fara da abin da doka ta riga ta ba su. Kwamitin rabon ƙasa ya zauna da gaske, a sa hakimai da arɗaɗe da sarakunan noma a ciki, kada a ba da ko taƙi ɗaya a makiyaya ko fadama sai an yi shela an saurari masu ƙorafi. A inda tsaro ya samu, a bi burtali da ƙafa tare da dattawan ɓangarorin biyu, a kafa alamu, a zana taswira, a ajiye kofe ɗaya a ofis ɗaya a wurin hakimi. Tun da ya ke gulbi da burtali ba su san iyakar Ƙaramar Hukuma ba, ya kamata majalisun uku su riƙa haɗuwa kafin shuka da kuma kafin kaka. A yi dokar gida da za ta tabbatar wa manomi itacen gonarsa. Kuɗin da a ke karɓa a Kasuwar Daji da Shinkafi a ba da rasit, a manna lissafinsa a ƙofar kasuwa, a mai da wani kaso ga magudana da rijiya da rumfuna. Mutanen da suka yi gudun hijira kuma a rubuta gonakinsu tun yanzu, don kada ranar komawa ta zama ranar sabuwar gaba.

Ku malaman ofis, littafin da ku ke rubuta shawarar majalisa a ciki ba aikin banza ba ne. Shi ne shaidar da za ta kare maraya da bazawara bayan shekara ashirin, sa'ad da waɗanda suka san iyaka sun kau. Ku malaman makaranta, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon ko wace shekara, har da fassarar Hausa. Ku nemo shi ku karanta wa yara su kai gida. Ko wace makaranta ta sami ma'aunin ruwan sama da ɗan lambun renon itatuwa, yara su riƙa rubuta ruwan ko wace rana. Da haka yaro zai koyi lissafi da labarin ƙasa a lokaci ɗaya, gundumar kuma ta tara nata sani, ba sai ta jira baƙo ya gaya mata halin samanta ba.

Mun faɗi waɗannan ba don zargin wani ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tsaro aikin Gwamnatin Tarayya ne da ta jiha, muna kuma roƙon Allah ya ba su nasara. Amma ranar da bindiga ta yi shiru, manomi da makiyayi za su koma ƙasa ɗaya da gulbi ɗaya, kuma majalisar da ta fi kusa da su ita za a tambaya abin da ta tanada. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.