Tafiyar Kwana Biyu A Bakin Teku, Da Abin Da Agogo Ya Jawo Mana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ina so in ba ku labarin wata tafiyar ƙasa da muka yi, mu huɗu, zamanin da nake karatu a birnin Niyukasil, can arewacin Ingila. Abokan tafiyata su ne wani Basudane mai koyon likita, da wani mutumin Malesiya mai koyon aikin injiniya, da wani Bahaushen Zangon Kumasi wanda ya grime mu duka, muna ce masa Yaya. Karatu ya ishe mu, duhun hunturu ya gundure mu, sai muka yi shawara a ƙarshen watan Maris mu fita Asabar da Lahadi mu bi gaɓar Tekun Arewa da ƙafa.

Hanyar da muka zaɓa wani yanki ne na turbar masu tafiyar ƙasa ta lardin Northumberland, wadda tsawonta duka mil 62 ne. Muka raba aiki tun daga gida: Basudane ya ɗauki guzuri, mutumin Malesiya ya riƙe taswira, Yaya ya riƙe kuɗi, ni kuwa aka ɗora mini lissafin lokaci, domin ina da agogon hannu na gado, irin wanda ake ba wani, kuma ina yawan alfahari da shi.

Ran Asabar da sassafe muka shiga bas zuwa Craster, wani ɗan ƙauyen masunta. Tun kafin mu sauka ƙamshin hayaƙi ya tarye mu, gama sana'ar garin bandar kifi ce tun ƙarni na 19. Sukan tsaga kifin ta baya, su jiƙa shi cikin ruwan gishiri, sa'an nan su rataye shi a ɗaki mai tsawo, su hura garin itacen oak a ƙasa, hayaƙi ya yi ta bugunsa kusan kwana guda. Wanda ya san bandar Baga ba zai ga baƙon abu ba, sai dai tasu ba ta bushewa ƙayau kamar tamu, saboda haka ba ta jure doguwar ajiya sai cikin sanyi. Kifin ma ya ragu a ruwansu, yanzu daga nesa ake kawo musu shi, amma sunan garin shi ke sayar da kayan har a Landan. Fatake sun san wannan: suna idan ya kafu, jari ne.

Daga nan muka miƙa arewa, teku a damanmu, tumaki a hagunmu suna kiwo babu makiyayi. Tafiyar mil ɗaya da 'yan kai muka isa kangon ganuwar Dunstanburgh, wadda wani basarake, Thomas na Lancaster, ya fara ginawa a shekara ta 1313 bisa wani baƙin dutse da ya shiga ruwa. Ya yi gaba da sarkin zamaninsa, aka sare kansa a 1322, bai mori ginin ba. Yau tsuntsayen teku ne ke kwana a ciki. Muka wuce ta rairayi mai faɗi, iska tana dukanmu har hawaye na zuba. Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan teku, hukuncinsa kuwa sananne ne wurin malamai, amma sanyinsa ba ya cikin littafi: yatsu suka ƙage, Basudane ya rantse wuta ta fi shi sauƙin taɓawa.

Da la'asar sakaliya muka shiga Bamburgh, ƙafafu sun yi nauyi, mun ci kusan mil 13. A nan kabarin wata budurwa yake, Grace Darling, 'yar mai tsaron fitilar teku a wani tsibiri da ake hange daga gaɓa. A watan Satumba na 1838 wani jirgin ruwa ya fashe bisa duwatsu cikin hadari, ita da mahaifinta suka tuƙa ɗan kwalekwale, aka tsamo mutum 9 da rai. Shekarunta 22 a lokacin. Muka ji labari muka yi mamaki, amma ba mu ɗauki gargaɗin da ke cikinsa ba.

To, ran Lahadi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Nufinmu mu ƙetara zuwa tsibirin Lindisfarne. Wannan wuri rabin yini tsibiri ne, rabin yini kuwa haɗe yake da ƙasa. Sau biyu cikin dare da rana teku takan cika ta rufe hanya, sau biyu ta janye ta bar rairayi fili fetal. Dalilin haka jan wata ne ga ruwan duniya, rana kuma tana taimakawa. Tsakanin cika da cika sa'a 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke jinkirta da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkirta kowane dare. Idan wata ya tsaya, ko ya cika sha huɗu, jan rana da na wata sukan haɗu, sai ruwa ya fi tashi kuma ya fi gaggawa. Mu kuwa kwana biyu ke nan da cikar wata. Hukumar lardi tana buga jadawalin lokutan da hanyar mota ke buɗe, an manna shi a bakin mashigi, ni kuma na kwafe shi a takarda.

Hanyoyin shiga biyu ne: titin mota da aka buɗe a 1954, da tsohuwar turbar masu ziyara, mil 3 cikin rairayi da laka, an kakkafa dogayen sanduna don kada a ɓata. Ita wannan ba a binta sai ruwa na janyewa. Muka tuɓe takalma muka bi ta da hantsi, muka isa lafiya.

Abin da na gani a tsibirin zai yi wa malamai daɗi. A shekara ta 635 wani malamin Nasara mai suna Aidan ya kafa zawiyar masu ibada a nan. Wajen shekara ta 700 wani shugabansu, Eadfrith, ya rubuta Linjila da hannunsa cikin Latin, a bisa fatun 'yan maruƙa fiye da ɗari, da zayyana mai launi wadda ke tuna wa mutum adon da marubutanmu ke sa wa a rubu'i da hizbi. A 793 mahara daga ƙasashen arewa suka zo ta ruwa suka washe wurin, a 875 masu ibada suka yi hijira da littafinsu. A ƙarni na 10 wani limami mai suna Aldred ya bi littafin kalma da kalma, yana rubuta ma'anarta da harshen mutanen ƙasar a tsakanin layuka, daidai yadda almajiri ke sa ajami a ƙarƙashin Larabci don kada fassarar malam ta kuɓuce masa. Wannan ƙaramin rubutu shi ne fassarar Linjila mafi daɗewa da ta rage cikin Turanci. Littafin kansa yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan.

Muka zaga kango, muka sha shayi, muka yi salla. Jadawali ya ce titi zai rufe ƙarfe uku saura kaɗan. Na dubi agogona, ƙarfe ɗaya, na ce mu tashi, muna da sarari. Abin da na manta shi ne, a Ingila ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris, cikin dare, akan tura agogo gaba da sa'a ɗaya, jadawalin kuwa da sabon lokaci aka rubuta shi. Rana ba ta sake ba, inuwa ba ta sake ba, don haka babu abin da ya tsegunta mini. Wayoyin abokaina sun gyara kansu tun cikin dare, kowa ya yi ta ɗaukar hoto da tasa, amma ba wanda ya dubi lokaci, tunda an ba wani aikin.

Wurin da titin ya fi ƙasa yana can kusa da gaɓar babbar ƙasa, inda aka yi gada da wani ɗan ɗakin katako bisa dogayen ƙafafu don wanda ruwa ya rutsa da shi. Da muka hango shi, sai muka ga titi yana ƙyalli. Mutumin Malesiya ya zaro wayarsa, ya nuna mini ba tare da ya ce uffan ba: ƙarfe uku da kwata.

Basudane yana da alkawari da malaminsa ran Litinin da safe, kuma tikitin jirgin ƙasa na yamma yana aljihun Yaya. Ya ce ruwan bai wuce idon sawu ba, mu ruga, cikin minti goma mun fita. Ni kunya ta sa na goyi bayansa, don ina son in rufe kuskurena. Yaya ya tsaya cik ya ce, "Malam, kai ka ɓata lissafi sau ɗaya, kada ka ɓata sau biyu. Kuɗin tikiti a hannuna yake, na yafe. Wanda ya shiga ruwan nan, ni zan rubuta wa uwarsa takarda, ni kuwa ba zan rubuta ba." Ya zauna bisa jakarsa. Muka yi ta musu, har murya ta tashi, shi ko bai motsa ba.

Musun nan ne ya cece mu. Kafin mu gama shi, wurin da muka yi niyyar bi ya zama kogi mai gudu, gama a shimfiɗaɗɗen rairayi ruwa ba ya zuwa ta gaba kaɗai, ta gefe yake kewayowa ya yanke baya. Ba a yi sa'a guda ba titi ya ɓace, sai kan sanduna da ɗakin katako tsaye cikin teku. Ruwan Maris a can bai fi digiri bakwai ba, mai ƙarfi ma idan ya faɗa ciki numfashinsa ke fara sarƙewa. Kusan kowace shekara sai masu ceto sun tsamo waɗanda suka raina wannan mashigi, motocinsu kuwa sukan lalace.

Muka koma gari jiki a sanyaye, muka jira har wajen ƙarfe tara na dare. Wani dattijo mai fita da mota ya rage mana hanya zuwa Berwick, muka biya kuɗin makwanci da sabon tikiti, Basudane ya aika wa malaminsa uzuri. Da za mu kwanta na ciro agogon na tura shi gaba, na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka, ya kai mai ɗa ko ƙane a ƙasar waje, idan ya ce zai fita yawon buɗe ido kada ka hana shi, gama akwai ilmi a hanya wanda babu shi a aji. Amma ka ce masa ya tambayi mutanen wuri, ya gwada agogonsa da na gari, kuma abin da rai ya rataya a kansa kada a bar wa mutum ɗaya lissafinsa, kamar yadda fatake ba su barin ƙirgen kuɗi sai biyu sun ƙirga. Ya kuma nemi abokin tafiya irin Yaya, wanda zai iya zama bisa jakarsa alhali kowa na cewa a tafi.

Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Haza wasalam.