Yadda Ake Rubuta Sakamakon Gwajin HLA Idan Ya Zo da Ruɗani

Kafin a yi wa mai sikila ko sankarar jini dashen ɓargo, sai an gwada ƙwayoyin gado na HLA, a ga ko na mai bayarwa sun dace da na majinyaci. Sakamakon yakan zagaya tsakanin ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban, shi ya sa ƙungiyar NMDP ta Amurka ta samar da tsarin HML na musayar sakamakon, aka kuma wallafa ƙa'idar rubuta shi mai suna GL String a 2013.

Inda gizo ke saƙa shi ne sakamakon da bai fito sarai ba. A ƙa'idar GL String, idan gwaji ya kasa bambance nau'i biyu, ana rubuta su duka da alamar / a tsakani, kamar HLA-A*02:01/HLA-A*02:02. Alamar + tana haɗa kwafin da aka gada daga uwa da na uba. Harafin N a ƙarshe, kamar A*24:09N, yana nuna ƙwayar gadon tana nan amma ba ta aiki.

Wasu mutanen kuma ba su da ƙwayoyin gadon HLA na DRB3, DRB4 ko DRB5 sam. Don haka dole a rarrabe "babu" da "ba a gwada ba", kada likita ya zaɓi mai bayarwa bisa kuskure.