Bayanin Zaɓen Magani ga Tari da Ƙuncin Numfashi

 

Dalilin wannan takarda shi ne wani almajirina da ya yi tari wata 3, ina saya masa kafso wurin mai talla, har ya rame, ya fara tofar da jini. Da aka auna kakinsa a asibiti sai ga shi tarin fuka ne. Sakacin nawa ne, ina neman gafarar Ubangiji. Ka sani, ya ɗan'uwana, tari sunansa ɗaya, amma sababinsa daban-daban ne, kuma magani sababi yake bi.

Fasali na farko, mura. Alamarta majina da atishawa da kaushin maƙogwaro. Tana wucewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Kafso irin su amoksisilin ba su kashe ƙwayarta, shan su a nan ɓarna ce, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Abin da ya dace: hutu, da ruwan ɗumi, da zuma, da farasitamol idan akwai zazzaɓi. Kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara 1, kada a ba yaro asfirin. Ka nisanci ruwan tari mai kodin, yana kama mutum kamar giya. Hukumar Nijeriya ta hana shi a 2018.

Fasali na biyu, ciwon huhu, mai kashe yara. Ka ƙidaya numfashin yaro minti ɗaya yana natse. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, a kai shi ga likita ran nan. Nan ne muhallin amoksisilin, a sha har ƙarshen kwanakin da aka yanka.

Fasali na uku, tarin fuka, wanda Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayarsa a 1882. Duk tarin da ya kai mako 2, musamman tare da gumin dare da rama, a auna kaki. Maganinsa wata 6 ne: iri 4 a wata 2 na farko, iri 2 a sauran. Ɗayansu yana jajanta fitsari, kada ka tsorata. Wanda ya yanke shan magani don ya ji sauƙi, ciwon kan dawo da taurin kai. A auna abokan kwanansa, a buɗe tagogin zaure.

Fasali na huɗu, asma. Hanyoyin iska ne ke tsukewa, ƙirji ya riƙa fito, ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna tayar da ita. Salbutamol na shaƙa yana buɗe su cikin mintoci, akwai kuma na kullum mai hana kumburinsu. Idan ya shaƙa bai iya haɗa magana ba, ko leɓɓansa sun sauya launi, a garzaya asibiti.

Fa'ida: neman magani ba ya warware tawakkali. Ka yi addu'a, ka riƙi sababi. Almajirin nan ya cika watanninsa, ya warke da ikon Allah.

 Wanda ya kwafe ta, ya sa ni a addu'a. Allah shi ne Masani.