Lambun Bayan Gida da Bazara

Jama'a, bazara ta kawo jiki, kayan miya za su yi tsada. Kada ku ɓata ruwanku kan tumatir, gama zafin Afrilu yakan zubar da furensa. Kuɓewa da alayyafo su ne masu jure rana.

Ku fara kewaye wurin da shinge saboda awaki, ku zuba ruɓaɓɓen taki. Irin kuɓewa ya kwana cikin ruwa, sa'an nan a shuka biyu-biyu, tazarar kamu guda. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Ban ruwa kuwa safe da yamma.

Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 4, kuɓewa wajen wata 2. Ku riƙa tsinkarta duk bayan kwana 2, don in ta ƙosa uwar takan rage 'ya'ya. Wanda ya kiyaye wannan, kuɗin cefanensa ya ragu.