3.2 Zaɓen Manhaja Wajen Koyar da Ƙirƙirar Wasannin Kwamfuta

A wannan fasali za a dubi irin manhajar da ta dace malami ya fara da ita a ajin 'yan koyo. Manhajar Unity, wadda ta fito a shekarar 2005, tana buƙatar ɗalibi ya rubuta umarni da harshen C#. A nan, kuskuren harafi ɗaya kan hana wasan tashi gaba ɗaya. Wannan kuwa yakan sa ɗalibi ya karaya tun kafin ya fahimci darasin.

Ita kuwa Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a shekarar 2007, an tsara umarninta ne kamar tubala masu launi. Ɗalibi zai jawo su ya harhaɗa, kuma tubalin da bai dace da gurbi ba, ba zai shiga ba. Ta haka hankalinsa zai tattaru a kan ginshiƙan wasa, wato motsi da maimaici da sharaɗi da ƙidayar maki.

Bisa ga wannan, binciken nan yana ganin ya kamata a fara da Scratch, in ɗalibi ya ƙware sannan a wuce da shi zuwa Unity.